A Gaida Masu Kulle Get

Akwai mutanen da ke yi wa ƙasar nan gagarumin aiki ba a taɓa ambatonsu a rediyo ba, kuma ya kamata a miƙe tsaye a gaishe su. Su ne masu makarantu da shugabanninsu, da jami'an ilimi masu zagayen duba aiki, da iyayen da ke mara musu baya, waɗanda suka haɗa kai suka tabbatar yaro zai shiga aji ɗaya na firamare ya fita aji shida na sakandare, shekara 12 cur, ba a taɓa fitar da shi ƙofar makaranta an nuna masa wani abu da idonsa ba. Kada a raina wannan ƙoƙari. Yaro mutum ne mai leƙe-leƙe, mai taɓe-taɓe, mai tambayar da ba ta ƙarewa. A ce an iya dasa shi a benci tun ƙarfe 8 na safe, a ƙara masa lesin har la'asar sakaliya, a cusa shi a adaidaita sahu a mayar gida, yau haka gobe haka har bakinsa ya mutu, ai wanda ya iya wannan ya cancanci kirari. Ranku ya daɗe, masu kulle get, sannunku da aiki.

A fara da ginin, don a nan basirar ta soma bayyana. Da can makaranta fili ce: ga gonar makaranta inda kowane aji ke da kunyoyinsa na gyaɗa ko wake, ga darbejiya a jere, ga filin ƙwallo, ga 'yan sikawut suna koyon ɗaurin igiya da kafa tanti. Duk wannan ɓarnar ƙasa ce, kuma an gano. Yanzu gidan haya mai ɗaki shida ya isa a kafa "Intanashinal", a mayar da kicin aji uku, a shafe tsakar gida da intalok don kada ƙwayar ciyawa ta leƙo ta ɗauke wa yara hankali, a ɗora waya mai ƙaya a katanga. Makarantun gwamnati da suka gaji fili kuwa an rage musu nauyi, an jera shaguna a jikin katangarsu, tagar da ke kallon itatuwa yanzu bayan shagon mai cajin waya take kallo. Haka masu kajin gidan gona ke yi, kuma kowa ya ga sakamako: keji, fitila, abinci a kan lokaci, sati shida kaza ta yi ɓul-ɓul. Ba ta san tono ba, ba ta san shaho ba, in ka sake ta a tsakar gida tsayawa za ta yi tana haki, amma wa ya ce don tono aka kiwata ta?

Shiga ajin kimiyya ka ga gwaninta. Malam na tsaye da alli, ya zana bishiya a allo: sanda ɗaya, da'ira a sama, kibiyoyi huɗu. Ya rubuta sunan kowane sashe da Turanci, ya ce a maimaita. Aji ya ɗauka da murya ɗaya, sau uku, har na maƙwabta na amsawa. A bayan katangar nan, taku kaɗan, akwai tsohuwar kuka da ta girmi unguwar, 'ya'yanta na reto, ɓawonta ya sha sassaƙa a hannun masu igiya da masu magani, jemagu na zuwa furenta da dare, garin ganyenta ne a miyar da rabin ajin suka sha jiya. Da ragon malami ne, da ya ce ku tashi mu je gindinta, a ɓata minti 40 ana shafa ɓawo, ana fasa ɗan kuka ana lasar gari. Amma shi ƙwararre ne, ya san bishiyar allo ta fi: ba ta da tururuwa, ba ta zubar da ganye, kuma ita ce ke fitowa a jarrabawa. Magabata sun ce gani ya kori ji. Ku kun nuna cewa in an dage, ji ma yana korar gani.

Fita ɗaya kuwa tana jawo wata. Yau an je gindin kuka, gobe sai a ce a je gona, wani mai ido ya lura damina ta yi tsaka, kowace bishiya ta yi kore shar, gawo kaɗai ya kaɗe ganyensa ya tsaya fayau, gero kuma a ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina tsawo. Ya tambaya. Tsohon manomi ya jingina fartanya ya gaya masa gawo ba ya tare wa shuka rana da damina, ganyen da ya zubar taki ne, da rani kuma in komai ya bushe shi ke fitar da ganye da 'ya'ya dabbobi su ci. Wataƙila ma ya ƙara masa da labarin manoman Maraɗi da Damagaram da suka daina tumɓuke tohon itatuwa a gonakinsu, abin da suke kira sassaben zamani, har ƙasa mai faɗin hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa. Ka ga an ɓata wa yaro kai. Zai dawo yana duban sama yana jiran shamuwa don ya san damina ta kusa, kuma ranar da aka zo sare bishiyar ƙofar gida don a faɗaɗa shago, shi zai fara tsayawa a gaban gatari.

Amma babbar nasararku ita ce Dala. Ga dutse a tsakiyar birni, wanda tarihin Kano kaf daga gindinsa ya faro. Nan Barbushe ya zauna, nan ake ba da labarin Tsumburbura, nan masu tonon tarihi suka samu alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7. Wani Bajamushe, Heinrich Barth, ya keto Sahara daga Tarabulus, ƙishirwa ta kusa kashe shi a hanya, ya iso Kano a 1851, zazzaɓi ya kama shi, ya hau Dala ya zauna ya zana birnin da hannunsa. Shi ke nan wahalalle. Namu yaran na Madigawa da Adakawa da Gwammaja, waɗanda ke hango dutsen daga ƙofar ajinsu, an kare su daga wannan wahala. Sun san Dala sunan ƙaramar hukuma ne, kuma in ka tambaye su tsaunin da ya fi tsawo a duniya za su ce Everest kafin ka rufe baki, har da mita 8,848.

Hikimar kuma ta wuce tsoron zamewa. Ka ƙaddara aji guda na 'yan shekara 11 sun hau matakalar nan da sassafe, suna nishi suna dariya, sun kai ƙololuwa iska ta buge su. Su yi tsit na ɗan lokaci, sannan yatsu su fara tashi. Ga Gwauron Dutse can yamma. Ga hasumiyoyin masallacin Juma'a da koriyar ƙubba, ga Gidan Rumfa kusa da shi, ga rumfunan Kurmi a cunkushe. Wata ta gano rufin gidansu ta kwala ihu. Malama ta ware taswira a ƙasa, ta danne kusurwoyinta da tsakuwa saboda iska, a karon farko yaro ya gane layukan takardar nan titunan da yake bi ne, arewa kuma wuri ce da ake nunawa da hannu. Zuwa nan da sauƙi. Masifar tana zuwa ne sa'ad da wani ya ce, "Malama, ina ganuwar da kika ce ta kewaye gari?" Sai ta nuna masa guntu a can, tudu a can, sauran kuwa gidajen mai da shaguna da fulotai. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta wajen shekara 900 da suka wuce, Rumfa ya faɗaɗa ta, wadda tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Yaron zai ce wa ya cinye ta. Zai ce wa ya ba shi izini. Wata za ta ce ina kududdufan da kakarta ke faɗa, a gaya mata an cike su an yi gini, sai ta haɗa da ruwan da ya shiga ɗakinsu a watan Agusta, ta gane ashe ramin da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini shi ke shanye wa unguwa ruwan sama. Yarinya 'yar shekara 11 ta gano abin da manya masu albashi suka yi shekaru suna kau da kai daga gare shi! Ku gaya mini, wace hukuma ce za ta so a yaye mata irin waɗannan yara dubu-dubu kowace shekara? Wanda bai taɓa ganin ganuwa ba ba zai yi kukan rushe ta ba, kuma in ya girma aka miƙo masa fayil ɗin yanka ta, hannunsa ba zai yi rawa ba. Wannan hidima ce da masu kulle get ke yi wa masu yanka fili kyauta, ko tukuici ba sa karɓa.

An kuma yi dabara da aka raba su da marinar Ƙofar Mata. A aji ana koya musu cewa iskar oksijin na haɗuwa da abu ta sauya shi, su rubuta, su ja layi da jan biro, su haddace, su manta ranar da aka gama jarrabawa, kowa ya huta. A marina kuwa abin ba ya mantuwa, kuma nan matsalar take. Marini na tsugune a bakin rami, hannunsa shuɗi har gwiwa, ya tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba da toka da katsi da ya yi kwanaki yana tsima, kumfa ta taru a sama, wari na dukan hanci. Ya ɗago ƙyallen, sai ga shi kore-kore. Ya ware shi a iska, yara sun zuba ido, launin na juyawa a gabansu har ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, kowane zagaye na ƙara masa duhu. Can gefe masu bugu na sauke mabugi a kan gungume bi da bi, har yadi ya ɗau ƙyalli. Yaron da ya ga wannan zai koma gida da wani mugun tunani, cewa tsohon nan da bai zauna a benci ba yana sarrafa kimiyyar da ke cikin littafin babbar sakandare, kuma kakanninsa na yi tun zamanin Rumfa, marinan Kano da Kura na aika turkuɗi har Agadas da bayanta. Daga nan sai ya fara ganin girman majemi mai jiƙa fata a ruwan bagaruwa, da maƙeri mai zuga gawayi har ƙarfe ya yi ja. Ina za a kai yaron da ke ganin girman mai sana'a, mu da ke tarbiyyar yara su ƙyamaci duk aikin da ke ɓata hannu, su rungumi takarda su bi layin neman aikin ofis da babu shi? Gara a bar shi yana tsammani ilimi a jirgi aka kawo shi, cikin kwali.

Ruwa ma haka. Tambayi ɗan makarantar kirki daga ina ruwa ke zuwa, ya ce daga famfo, in ya fi wayo ya ce daga kurar 'yan garuwa. Amsa ce mai kwantar da hankali. Da an ɗauke shi a bas an kai shi Tiga ya tsaya a kan madatsar da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, ya bi magudanar har Kadawa da Kura inda tumatir da shinkafa ke kore a tsakiyar rani, a dawo da shi ta Tamburawa ya ga jan ruwan kogi na shiga tankuna, a zuba alam laka ta kwanta, a tace, a sa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, to ranar zai dawo gida ya murɗa famfonsu ya ji iska, ya tambayi babansa a ina ruwan ya maƙale. Uba ya dawo daga kasuwa a gajiye, a tare shi da wannan? Masu kulle get sun tausaya wa iyaye.

Sauran wuraren an riga an yi maganinsu da shiru. Zanen shanun da magabata suka yi a jikin duwatsun Birnin Kudu, tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru, rijiyar Kusugu, hasumiyar Gobarau, Turawa da 'yan jami'a na zuwa da kyamara, su ta dama. Gidan Makama da ke bakin fada, mai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da hotunan Kano ta da, akwai yaran da ake wucewa da su ta gabansa safe da yamma, sun ɗauka ofishin wani ne. An ma taɓa yin abin da ya fi: wajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 aka yi bikin dawo da shi. Kada hankalin kowa ya tashi, cikin aji aka dawo da shi, a kan allo, inda ba zai cuci kowa ba.

Akwai dai makarantun da ke fita, kuma su ne zakarun wannan fage. Ana saura sati uku a rufe zango sai takarda ta iso gida: eskoshan, kuɗi kaza, har da riga mai tambarin makaranta, dole. Ranar tafiya a loda yara a bas, a nufi katafaren kantin zamani. A hau matakala mai tafiya da kanta, a sauko, a sake hawa. A bi layin kantoci ana kallon biskit ɗin Turkiyya, a sha askirim, a tsaya gaban ƙofar gilashi a ɗau hoto, kafin azahar hoton na shafin makaranta a Facebook, an rubuta an je neman ilimi. Kuma an samo shi. Yaro ya koyi cewa duniya wuri ne mai sanyin na'ura inda komai ke da farashi a manne, mutum kuma darajarsa abin da ya loda a kwando. Waɗanda iyayensu ba su biya ba an bar su a aji, sun leƙa ta taga sun ga bas na fita. Su ma sun samu darasinsu, kuma nasu ya fi zama a zuciya.

Masu neman tada zaune tsaye za su kawo muku labarin ƙasashen waje, kada ku saurare su. Za su ce a birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ɗauki makarantun firamare 12, aka ƙara wa rabinsu minti 40 a waje kowace ranar karatu, bayan shekara 3 aka tarar kashi 30 cikin 100 na yaran da ke fita sun kamu da matsalar idon da ke hana ganin abu mai nisa, a cikin waɗanda ke zaune kuwa kusan kashi 40. Za su ce Taiwan tun 2010 ta buƙaci makarantu su riƙa fitar da yara awa 2 kullum saboda wannan. To sai me? Yaro da tabarau ai kwarjinin ɗan boko gare shi, masu shagon tabarau kuma su ma iyali gare su. Za su ce a jihar Arkansas ta Amurka an yi ƙuri'a tsakanin ajujuwa, ɗalibai kusan 11,000, wasu aka kai su gidan adana zane-zane, wasu ba a kai ba tukuna, aka ga waɗanda suka je sun fi iya duban abu su yi bayaninsa da hujja, kuma ribar ta fi yawa ga yaran ƙauye da 'ya'yan talakawa. Wannan na ƙarshen shi ne abin tsoro. Ɗan mai hali ko makaranta ba ta kai shi ko'ina ba, babansa zai kai shi Yankari da hutu ya yi wanka a Wikki, ya kai shi Umara ya hango Bahar Maliya ta tagar jirgi. Ɗan mai faci kuwa, in makaranta ba ta kai shi ba babu mai kai shi. Kulle get shi ke tabbatar da kowa ya tsaya inda aka haife shi, kuma an ce mana zaman lafiya ke nan.

Saura hujjar da ta fi kowace nauyi, kuma a nan zan ajiye kirari in yi magana kai tsaye, don akwai iyayen da har yau ba su daina kuka ba. Tsaro. Gaskiya ne hanyoyi sun ɓaci, gaskiya ne babu mai hankalin da zai ce a kwashi yara a shiga dajin Rugu ko Kamuku. Uwar da ta ce gabanta na faɗuwa in an ce za a fita da ɗanta tana da gaskiya, kuma haƙƙinta ne a gaya mata ina za a je, da wa za a je, ƙarfe nawa za a dawo. Amma a tuna inda aka ɗebi yaranmu. 'Yan matan Chibok 276 a 2014, a ɗakin kwanansu na makaranta aka same su. Yaran Ƙanƙara fiye da 300 a Disambar 2020, a makaranta. Jangebe, 279, Fabrairun 2021, a makaranta. Kuriga, Maris na 2024, da safe lokacin asambuli. Zaman aji bai tsare ko ɗaya daga cikinsu ba. Tsaron ƙasa ne ya gaza, kuma zalunci ne a ɗauki wannan gazawa a mayar da ita dalilin hana yaron Adakawa taka dutsen da ke bayan gidansu. Abin nan yana yi mini zafi ƙwarai, domin yaran sun yi asara biyu. An hana su aminci, sannan an fake da rashin amincin an hana su ƙasarsu.

Kuɗi kuwa, ranku ya daɗe, kun iya lissafi, ba mai ja da ku. Babu na bas, amma akwai na bikin yaye 'yan nazare, da riga da hular digiri da kanofi da mai kiɗa. Kun kuma kyauta da kuka ɓoye wa mutane cewa mafi yawan fitar da ke da amfani ƙafa kawai take buƙata: maƙerar unguwa, injin niƙa, kasuwar hatsi, gonar bayan gari, bakin kwata bayan an ɗauke ruwan sama a ga inda ruwa ke bi da abin da ke toshe shi. Abin da take ci shi ne shiri. Malami ya riga zuwa ya duba wurin, ya nemi izinin mai wuri da na iyaye a rubuce, ya raba yara rukuni-rukuni kowanne da babba a kai, ya ba su tambayoyin da za su nemo amsarsu, a tafi da ruwan sha da akwatin magani, a dawo a zauna a rubuta abin da aka gani. Wannan aiki ne sosai, kuma malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata ba shi za a fara tuhuma ba. Masu tsara jadawali da masu riƙe da asusu su suka gano kwafar allo ta fi araha, lambar yabon tasu ce.

Har makarantun da suka rubuta Islamiyya a allon ƙofa sun shigo sahu. Yara na haddace ayoyin da ke kiran ɗan Adam ya yi tafiya ya dubi halittar Ubangijinsa, su karanta da tajwidi mai ratsa jiki, a ba su kyauta ranar sauka, amma ba a taɓa kai su kara sun tsaya gaban raƙumi sun dubi faffaɗan tafin ƙafarsa da aka yi don yashi ba, ba a taɓa tara su bayan magariba an nuna musu Zara ko Kaza da 'Ya'yanta ba.

Sai dai ina jan hankalinku, har yanzu akwai ɓaraka. A kusan kowace unguwa ba a rasa wata malama mai taurin kai da ke ce wa yara su zo da gorar ruwa ranar Alhamis. Za ka gan su a jere biyu-biyu a gefen titi, ita a gaba, wata uwa da ta sa kai a baya, kowane yaro da littafi da fensir. Ba bas, ba riga mai tambari. Wurin maginar tukwane suka je, sun dawo da yumɓu a yunifom. Alamomin yaranta ba sa ɓuya. Suna tsinto ganye su matse a littafi, sun san marke daban kanya daban, suna tsare kakanni da tambaya, insha'insu ba ya kama da na juna, abin da ke wahalar da mai duba takarda, kuma washegarin fita ba ka samun wanda ya yi fashi. Iyaye ma sun fara lalacewa, har ka ji uba ya rufe shago ya bi 'yarsa sun hau Dala, shi da aka haifa a gindin dutsen bai taɓa hawa ba.

Irin wannan malama a gaggauta ba ta takardar tuhuma. A tambaye ta wa ya ba ta izini, a nuna mata shafukan manhajar da ta bari a baya, a cire kuɗin sabulun wanke yunifom daga albashinta. In ta ƙi ji, a ɗauke ta daga aji a mayar da ita ofis ta riƙa cike rajista, inda shugaba zai riƙa ganinta daga kujerarsa. Yaran kuma a warwatsa su cikin sauran ajujuwa, kada a bar su wuri ɗaya, don abin yana yaɗuwa. Zango biyu na kwafar allo ya kamata ya warkar da mafi yawansu.